Bindigar iska mai famfo ko mai sifirin: wacce ta fi saiti?

Mai Rumbu: Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci, shi ya sa na kawo maganar nan. Na sayi bindigar iska mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗora ƙwayar dalma, domin ɓerayen da suka addabi rumbuna. Na kafa kwali a mita 20, na harba biyar, kowacce ta kama gabanta. Tsohuwar bindigata mai famfo, irin wadda ake cika wa iska da hannu kafin harbi, wadda mai shagon ya kira abin wasan yara, tana tara biyar ɗin a wurin da bai fi murfin kwalba ba. Mai famfo ta fi saiti.

Ɗan Mafarauta: Wa alaikumus salam. Malam, mai shagon bai yi ƙarya ba. Wanda zai tsaya yana buga famfo sau takwas kafin harbi ɗaya, ɓera ya riga ya shige rami. Ai mai famfo irin Crosman 760 samarin Amurka ake saya wa su koyi harbi.

Baban Yara: Ƙanena, janye kalmar nan. Benjamin 392, mai famfo mai bakin milimita 5.5, ba abin wasa ba ce, manya ke farautar zomo da ita. Ka ɗauki mafi arha ka yi wa duka hukunci da ita.

Ɗan Mafarauta: Yaya, ba ni na fara faɗa ba. Kuma har gobe aikin Bajamushe daban ne, wanda ya taɓa riƙe mai sifirin irin ta Weihrauch ko Diana 34 ya san haka.

Makanike: Ku bari in faɗi abin da ke faruwa a ciki. Idan ka ja kunamar mai sifirin, fistin, wato ƙarfen da ke tura iska, ne ke zabura gaba, bindigar ta motsa baya sannan gaba, alhali ƙwayar ba ta bar bututu ba tukuna. Idan ka ƙanƙame ta, harbinka zai watse, sai dai ka ɗora ta a buɗaɗɗen tafinka, kuma kullum a wuri ɗaya. Mai famfo iskarta na ajiye, bawul kawai ke buɗewa, don haka ba ta girgiza, amma idan yawan famfon ya bambanta, ƙwaya za ta sauka sama ko ƙasa.

Baban Yara: To kun ji, wadda ba ta girgiza ce ake kira abin wasa? Ni wannan raini ne ba zan lamunta ba.

Ɗan Mafarauta: Yaya, shekaru ba hujja ba ne a harkar saiti.

Shugaban Zaure: A tsaya nan. Abin da na fahimta shi ne, mai sifirin ta gwanaye ce, laifin kuma na hannun Malam ne, kamar yadda Makanike ya nuna. Ni shekara goma ina riƙe da tawa.

Mai Rumbu: Ranka ya daɗe, Makanike bai ce ta fi saiti ba. Gobe zan sake kafa kwalin da buɗaɗɗen tafi, in turo muku hotonsa.