Yaya iskar oksijin da muke shaƙa take raunana zuciya?

Maman Hanifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya daɗe yana fama da hawan jini, kuma a bana ƙafafunsa suka fara kumbura, ba ya iya barci sai an tara masa matasai a bayansa saboda sarƙewar numfashi. Likita ya ce zuciyarsa ce ta gaza, ya kuma ce ɓurɓushin iskar oksijin yana cikin abubuwan da ke cin naman zuciyar. Ta yaya iskar da muke rayuwa da ita za ta zama cuta? Sannan wata maƙwabciya ta ba mu shawarar mu saya masa ƙwayoyin bitamin E, wai suna wanke wannan ɓurɓushi. Shin mu saya?

Malam Aminu, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, saboda haka kusan kashi ɗaya cikin uku na kowace ƙwayar namanta mitokondiriya ne, wato ƙananan sassan da ke ƙona abinci da oksijin su samar da ƙarfi. A wajen wannan ƙonawa, kaɗan daga cikin oksijin yakan kuɓuce ya zama sinadarai masu cin duk abin da suka taɓa, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi; su ne ɓurɓushin da likita ya ambata. Mai lafiya yana da sinadaran da ke kashe su nan take. Matsala tana farawa ne idan suka fi ƙarfin masu kashe su, kuma hawan jini na kan gaba wajen jawo haka, domin sinadarin anjiyotensin da ke matse jijiyoyi shi ne kuma yake zuga ƙwayoyin zuciya su ƙara fitar da su. Daga nan wannan ɓurɓushi yakan lalata ƙofofin da sinadarin kalsiyam ke bi, wanda da shi ne naman zuciya ke matsewa ya saki, sai bugun ya yi rauni. Bangon zuciya yakan yi kauri, wasu ƙwayoyi su mutu, tabo mai tauri ya maye gurbinsu. Mitokondiriyar da ta lalace kuma ta fi zubar da wannan ɓurɓushi, shi ya sa ciwon yake ciyar da kansa.

Inna Ungozoma, Zariya:
'Yata, ina so mata su ji wannan, domin ba tsofaffi kaɗai abin yake kamawa ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan gazawar zuciya a wajen masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. A 2007 masu bincike a Jamus suka nuna cewa wannan ɓurɓushin oksijin yana sa a datse sinadarin da ke kawo ruwan nono, guntun da ya fita kuma ya lalata ƙananan jijiyoyin zuciya. Mai jegon da ke haki tana kumbura, asibiti za a kai ta ranar, kada a ce gajiyar haihuwa ce.

Malam Aminu, Unguwar Rimi:
Gaskiya ne, Inna. Game da bitamin E kuwa, Hajiya, shawarata kada ku saya. An gwada shi a kan mutane fiye da 9,000 a wani babban bincike da aka jagoranta daga Kanada, bai kare zuciya ba, kuma sakamakon da aka fitar a 2005 ya nuna masu shansa sun ɗan fi kamuwa da gazawar zuciya. Magungunan da suka tabbata suna tsawaita rai, irin su lisinopril da carvedilol da spironolactone, suna rage matsalar ne daga tushenta. Kuɗin ya tafi kan abin da likita ya rubuta, a rage gishiri da dunƙule da kanwa a miyar Baba, kuma a riƙa auna nauyinsa kowace safiya, domin ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 alama ce ta taruwar ruwa a jiki.

Maman Hanifa, Tudun Wada:
Na gode, Malam, na gode, Inna. Gobe zan nemo ma'aunin nauyi, kuma za mu fara raba masa tukunyar miyarsa daban.