Wa ka kira ɓarawo?

Ɗan Jarwal: Salamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Na zuba kuɗina a situdiyo a Jidda na yi waƙoƙin biki, ban gama ɗora su a YouTube ba sai ga su a Telegram kyauta, har an goge sunana. Kuma da 'yan gidan nan a masu turawar. Ɓarayi kawai! Ku sani ƙasar nan ta Saudiyya da doka. Dokar haƙƙin mallakar fasaha ta 2003 ta tanadi tara har riyal 250,000 da ɗaurin da zai iya kai wata shida, ga kuma hukumar kare haƙƙin fasaha, SAIP, mai rufe shafukan satar fasaha. Zan kai ƙara.

Baba na Misfala: Wa alaikassalam. Yaro, wa ka kira ɓarawo? Ni na tura wa 'yata a Kano don ta ji, tun ba a haife ka ba nake Makka, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Ɗan Jarwal: Allah ya huci zuciyarka Baba, ba da kai nake ba.

Malamin Karantina: To da wa kake? Sata a fiƙihu ita ce ɗauke dukiyar mutum daga ma'ajiyarta a ɓoye. Waƙarka tana wayarka ko ba ta nan? Me aka ɗauke?

Hajiya mai turare: Haba Malam, guminsa aka ɗauke mana. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, wadda hedikwatarta ke nan Jidda, tun 1988 a zamanta na Kuwait ta ce haƙƙin marubuci da mai ƙirƙira abin karewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba.

Malamin Karantina: Hajiya, ta ce haƙƙi, ba ta ce a yanke hannu ba. Kuma littafin ilimi daban, kiɗan biki daban.

Hajiya mai turare: Au, yau kuma kiɗa ne laifi? Bikin ƙanwarka wa ya fi kowa liƙi?

Direban Riyad: Ku bar ni da mai ƙarar. Ɗan'uwa, gasar cin kofin duniya ta 2018 a ɗakin wa muka kalla? Akwatin beoutQ ɗinka ne, mai ɗauko wasannin tashar beIN ta Ƙatar ba izini a lokacin, abin da har Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta yanke hukunci a kai a 2020. Lokacin ba ka san sata ba?

Ɗan Jarwal: Ni saya na yi da kuɗina a shago.

Direban Riyad: Mai Telegram ma da kuɗinsa ya sayi data.

Bazamfare: Ranar da Ajantina ta ci mu 2-1 ce ai. Har gobe ina cewa alƙalin wasa ne ya cuce mu.

Direban Riyad: Ku Zamfarawa me kuka sani a ƙwallo?

Bazamfare: Gara mu. Ku Kanawa ne kuka kashe kasuwar faifai da 'yan tura fim a waya.

Wata baiwar Allah: Tambaya ɗaya. Mai kai ƙara, iƙamarka, takardar izinin zamanka, tana da rai? Kada ka je neman riyal ka ƙare a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Ɗan Jarwal: Wannan ba huruminki ba ne, Yaya.

Baba na Misfala: Har yanzu ina jiran a janye kalmar nan.

Shugaban zaure: To jama'a, ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda kalmar ɓarawo ta yi nauyi, kuma bai dace a faɗe ta inda dattijo irin kawuna Baba yake ba. Malam ya warware mana cewa tura waƙa ba sata ba ce. Maganar Hajiya ma an ji. Ɗan Jarwal ya ba da haƙuri, ya kuma turo mana sauran waƙoƙin nan don wasunmu guda biyu kawai suka samu. Na rufe tura saƙo sai bayan Isha.