Const ko let: wanne za a fara da shi?

Ɗan Nima: Salamu alaikum. Ni dai a yaren rubuta manhaja na JavaScript kowane bariyabul, wato sunan da ake ajiye ƙima a cikinsa, da const nake buɗe shi, wanda ba ya bari a sake ba sunan wata ƙima. Sai dole ta kama nake komawa let, mai bari a sauya.

Hajiyar Mamobi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan ai tsirfa ce. Tare suka fito a 2015, aikinsu ɗaya.

Ɗan Nima: Ba ɗaya ba ne, Hajiya. Makon jiya na kwana kan manhajar wani mai shagon atamfa. An rubuta let kudi = 200 a sama. Bayan layi talatin aka cire ragin sidi 20 a kan sunan nan, can ƙasa kuma aka lissafa ladan dillali da shi, mai rubutun na zaton 200 ɗinsa na nan. Lissafi ya yi ta fitowa da giɓi. Da const ne, tun a layin ragin saƙon kuskure na TypeError zai taka masa birki, dole ya raɗa sabon suna: farashi daban, bayanRagi daban.

Malam na Sabon Zongo: Tsaya, yaro. Kada ka sa almajiraina su ɗauka const na daskarar da komai. Rubuta const kaya = [], wato jeri marar komai, ka yi kaya.push don ƙara abu a ciki, zai shige lafiya lau. Akuya ce a turke: ba ta barin wurin, amma cikinta na cika. Object.freeze ma, umarnin daskarar da abu, saman kawai yake kamawa.

Hajiyar Mamobi: To ka ji! Kwado a ƙofa, taga a buɗe.

Ɗan Nima: Gaskiya ne, Malam, sunan aka ɗaure. Amma ko hakan ya rage wa mai karatu wahala. In duk fayil const ne, na ga let guda, nan zan zuba ido. Rust ma, wani yaren manhaja, ba ta yarda ka sauya bariyabul ba sai ka rubuta mut da hannunka.

Auta: Yaya, to i++ fa, mai ƙara ɗaya a kan i a kowane zagaye?

Ɗan Nima: Wannan na let ne, babu gardama. Amma for...of, mai bin jeri ɗaya bayan ɗaya, na karɓar const.

Malam na Sabon Zongo: Ni abin da ba na so shi ne a cusa sharaɗi uku a layi ɗaya don gudun let. Na gani da idona, ko mai shi ya kasa karantawa.

Hajiyar Mamobi: Gobe zan kunna dokar prefer-const a ESLint, manhajar duba rubutunmu, ta nuna duk let ɗin da ya kamata ya zama const. In gargaɗi ya wuce ɗari, kai za ka gyara, Ɗan Nima. Waakyenka, shinkafa da wake, a kaina.