Ruwan da ke bin titi a Jidda alhali ba a yi ruwan sama ba

Ɗanlami Sabil:
Salamu alaikum jama'a. Duk mai tafiya a ƙasa bayan asuba a unguwar Sabil ko Hindawiyya zai ga ruwa yana tsiyayowa daga ƙofar wasu benaye yana bin gefen titi, alhali an yi wata da watanni ba a ga hadari ba. Kusa da ƙofar kuma akwai murfin ƙarfe, da wani bututu mai lanƙwasasshen kai kamar kwagiri. Daga ina ruwan yake, kuma mene ne aikin bututun?

Malam Habu Sabbak:
Wa alaikumus salam. Ƙarƙashin murfin nan hazzan ne, tankin siminti da ke cikin ƙasa. Yawancin ruwan Jidda na teku ne da ake tacewa, kaso mai yawa daga Shu'aiba a kudu, kuma ba kowace unguwa ce yake zuwar mata dare da rana ba. Shi ya sa ake tara shi a ƙasa, dinamo, wato injin jan ruwa, ya tura shi tankin sama, sannan ya sauko famfuna da nauyinsa. Bututun kwagirin na numfashi ne: in ruwa na shiga iska ta fita ta nan, in ana ja ta shigo. An kifa kansa ne don ƙura, kuma ya kamata a ce da raga a bakinsa saboda kyankyasai.

Ruwan titin kuwa, galibi laifin awwama ne, ƙwallon nan mai yawo a saman ruwa wanda ke toshe bututun shiga in hazzan ya cika. Ko dai ƙwallon ya tsage ya sha ruwa ya nutse, ko robar bakinsa ta cinye, ko hannun ya lanƙwashe. Ruwan gwamnati ya zo da ƙarfi cikin dare, haris, wato maigadi, na barci, sai ya yi ta ambaliya har gari ya waye. Gyara: a rufe mahbas, wato makullin bututu, da ke bayan mitar ruwa, a kwance awwamar, a tafi da ita shago don a sayo daidai incinta, a naɗa tef a zaren, a daidaita hannun yadda ruwa zai tsaya kamar taƙi ɗaya ƙasa da rufi. Aikin rabin awa ne, kuma ya fi tarar zubar da ruwa a titi sauƙi nesa ba kusa ba.

Injiniya Rabi'u:
Malam Habu ya yi bayani, amma ba kowane murfi ne na ruwan sha ba. Inda layin magudanar ƙazanta bai kai ba, murfi na biyu bayara ce, wato sokawe, wadda wayit, wato motar tanka, mai launin rawaya ke kwashewa. Hanci ma zai raba maka gardama. A da tafkin Misk da ke gabas da gari ake kai wannan ruwa, har aka busar da shi bayan ambaliyar Nuwamban 2009.

Abin da ya fi damuna shi ne tsagar da ba a gani. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a sassan Jidda da dama yana kusa da sama, ga gishiri, ga yoyon bayara. Hazzan mai tsaga in yana cike zubarwa yake, in ya yi ƙasa kuma na waje ne ke shigowa. Gwajin ba wuya: a rufe mahbas, a kashe dinamo, a tsoma sanda a yi alama, a dawo bayan awa 24. In tsawon hazzan mita 4 ne faɗi mita 3, kowace santimita ɗaya da ya sauka lita 120 ce. Santimita biyar a rana lita 600 ke nan, tan 18 a wata, kusan wayit mai tan 19 guda ya tafi a banza. Sai a kwashe ruwan, a wanke, a buɗe tsagar a cike ta, a shafe bango da siminti mai hana yoyo. Ba a shiga ciki mutum ɗaya, kuma a bar murfi a buɗe iska ta ratsa tukuna.

Ummu Fatima:
Ku ƙara da na tankin sama. In ruwan daga bututun jikin bango yake zubowa kuma kana jin gurnanin dinamo bai tsaya ba, otomatik ɗin tankin sama, wanda ke kashe dinamo in tankin ya cika, shi ne ya maƙale, yawanci igiyarsa ce ta nannaɗe a bututu. A kashe wuta kafin a taɓa shi. In kuwa dinamo na ƙara amma ruwa ba ya hawa, raddad ɗin bakin bututun ja, wanda ke hana ruwa komawa baya, shi ne ya saki, ruwa ya koma ƙasa, injin yana jan iska. A kashe shi nan take, don juyawa a bushe na ƙona robar da ke tare ruwa a jikin sandarsa.

Ɗigon da kan sauka wa mutum a hula ƙarƙashin taga kuma, Ɗanlami, wannan na mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki: danshin iskar teku yake tatsa.