"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": har da mai shekara 45 da zai koyi sabuwar sana'a?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum. A Garwa, da zarar magidanci mai furfura ya ce zai shiga koyon ɗinki ko gyaran waya, sai a jefe shi da wannan karin magana. Wasu kuma su kare shi da "gemu ba ya hana ilimi". Wanne ne a muhallinsa?

Malamin Hausa, Marwa: Wa alaikumus salam. An ɗora wa maganar kayan da ba nata ba. Iccen nan hali ne, tarbiyya ake nufi: yaron da ba a hana shi ƙarya yana ƙarami ba, da wuya ya bari da gemu. Ba ta ce hannu ba zai koyi riƙe almakashi ba. Kuma ko iccen ma, a dubi makiyayi da sandarsa. Busasshiya ce, amma yana gasa ta a wuta ya danna, ta miƙe. Lokaci kawai take ci.

Hajiya Mai Ɗinki: Allah gafarta Malam, na yarda, amma "gemu ba ya hana ilimi" ma ana yi mata kwaskwarima. Abu biyu ke kayar da babba a shago. Na farko ido. Daga shekara 40 zuwa sama ganin kusa yana raguwa, zura zare a allura ya zama aiki, baƙin zare a kan baƙin yadi kuwa ba a magana. Maganinsa tabarau na karatu, galibi daga lamba +1 zuwa +2.5, a je a auna, kada a saya a tire. Mutum ya ƙi sawa don kunya, ɗinkinsa ya riƙa karkacewa, sai a ce tsufa ne. Na biyu ya fi wuya: mai shago ɗan shekara 25 ne, almajirinsa sa'an babansa. Yaron ba zai iya cewa "Baba, farke wannan ka sake" ba, sai ya yi shiru, Baba ya shekara yana maimaita kuskure ɗaya. Tun ranar farko a yanka magana: shara da aike na yara ne, amma gyara a faɗe shi ƙarara.

Kawu na Ngaundare: Ku dai kuna ta icce da gemu, takarda ba ta san karin magana ba. Jarrabawar shiga ENAM, makarantar horar da ma'aikatan gwamnati da alƙalai ta Kamaru, tana tsayawa a shekara 32. Shirye-shiryen tallafin matasa na gwamnati, irin su PAJER-U, iyakarsu 35. Ma'aikacin gwamnati kuma, tun dokar Disamban 2020, masu manyan matakan aiki, rukunin A da B, suna ritaya a 60, na ƙasa, C da D, a 55. Wanda ya fita a 55 da ƙarfinsa, ina zai nufa in ba sabuwar sana'a ba?

Sai lissafin CNPS, hukumar fanshon ma'aikata, wanda mutane ba sa yi sai an makara. Fansho na wata-wata yana buƙatar watanni 180 na zubi. Wanda ya fara aikin albashi a 47 ba tare da zubin baya ba, watanni 156 zai tara kafin 60, don haka kuɗi dunƙule sau ɗaya za a ba shi. Mai sana'ar kansa yana iya shiga zubin sa-kai, amma shi ma ya ƙirga watanninsa tukuna.

Ɗan Garwa: Kawu, ke nan masu cewa icce ya bushe sun yi gaskiya?

Kawu na Ngaundare: A ƙofar gwamnati, e. A kasuwa, a'a.

Mai Sola, Kusiri: Ni a ganina akwai ta uku da ta fi su dacewa: "da tsohuwar zuma ake magani". Babba kada ya fara daga sifili, ya nemi sana'ar da ke maƙwabtaka da tasa. Tsohon mai gyaran wutar mota ya riga ya san batir mai bolt 12, ya san fis, ya san mita. Abin da ya rage masa a aikin sola kaɗan ne: a haɗa batir da kontrola, na'urar da ke daidaita cajin batir, kafin a haɗa fanel, kada a juya, kada a yi rowar kaurin waya, siririya tana zafi tana cinye wuta, batirin dalma kada a zuƙe shi fiye da rabi, kuma a raba shi da ɗakin kwano, don zafin watan Afrilu a nan yana wuce digiri 40, yana rage masa kwana. Hawa rufi kuwa a ɗauki yaro.

Malamin Hausa, Marwa: Zumar ta zauna, amma da sharaɗi. Ana faɗinta ne ga wanda ya daɗe a abu ɗaya har ya gwanance. Direban da ya koma tela ba tsohuwar zuma ba ne a ɗinki, sabon shiga ne mai furfura.

Hajiya Mai Ɗinki: Malam, direban nan ya san kowace tasha daga Garwa zuwa Kusiri, ya san wa ke biya wa ke cin bashi. Ya ɗauki kaftani goma ya kai, ya dawo da awon wasu goma. Wannan ba zuma ba ce?

Malamin Hausa, Marwa: Zumar ciniki ce, Hajiya. Wuyan rigar fa, wa zai yanka?