Shirin da ke yi wa fina-finai marasa kyau ba'a: raha ce ko cin mutunci?

Mai tambaya, Gusau

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, akwai wata magana da ta kwana biyu tana yi mini yawo a rai, kuma ina so in ji ta bakin waɗanda suka fi ni sanin harkar fim. A hutun da ya wuce ɗan yayana, wanda ke karatu a jami'a, ya kunna mana wani tsohon shirin barkwanci na talabijin daga Amurka mai suna Mystery Science Theater 3000. Yadda aka tsara shi, wasu mugayen masana kimiyya ne suka tsare wani bawan Allah a cikin kumbo a sararin samaniya, suna tilasta masa kallon fina-finan da suka fi kowanne lalacewa domin su ga ranar da hankalinsa zai gushe, shi kuwa sai ya haɗa wasu mutum-mutumi don su riƙa taya shi zama. Mai kallo yana ganin fim ɗin yana tafiya, a ƙasan allo kuma ga inuwar su uku a kan kujerun sinima, suna jefa magana a kan duk kuskuren da ya gifta, ko na ɗan wasa ne, ko na mai ɗaukar hoto, ko na labarin kansa.

Mu shida muka kalla a zaure bayan sallar isha'i, kuma kafin a kai rabi mun rabu gida biyu. Matasan sun yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na dara a wurare da dama duk da cewa wani Turancin ya wuce ni, domin kuskuren da ake nunawa ido yana ganinsa ko kunne bai kama maganar ba. Amma babban yayanmu ya miƙe ya saka takalmansa, ya ce shi ba zai zauna inda ake wulaƙanta gumin wasu ba, tunda duk lalacewar fim akwai wanda ya zuba dukiyarsa da kwanakinsa a ciki. Matasan kuma suka ce da ma a samu wanda zai yi irin wannan shiri a kan fina-finan Hausa. Tambayata ita ce, yaya masu kallon shirin a can suka karɓe shi, kuma idan aka kawo irinsa nan, gyara zai kawo ko ɓarna?

Mai bibiyar shirin, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina kallon wannan shiri, saboda haka bari in fara da ɓangaren farko na tambayarka. Wani ɗan barkwanci mai suna Joel Hodgson ne ya ƙirƙire shi, kuma an fara nuna shi ranar 24 ga Nuwamba 1988 a wata ƙaramar tashar talabijin da ke yankin Minneapolis a jihar Minnesota, da kuɗi kaɗan da kayan da aka harhaɗa daga tarkacen gida. A shekarar 1989 ya koma tashar barkwanci da ake kamawa a faɗin ƙasar, wadda daga baya ta zama Comedy Central.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsa shi ne masu kallo ne suka riƙe shi, ba masu tasha ba. A shekarun farko garuruwa da yawa ba su kama tashar, sai masoyan shirin suka riƙa naɗarsa a kaset ɗin bidiyo suna aika wa juna ta gidan waya, masu shirin kuma suka rubuta a ƙarshen kowane kashi cewa a ci gaba da yaɗa kaset ɗin. Suna karanta wasiƙun masu kallo a cikin shirin, har da zanen da yara ke aikowa. Da tashar ta dakatar da shi a 1996, masoyansa suka yi ta rubuce-rubucen neman a dawo da shi, kuma wata tasha ta ɗauke shi daga 1997 zuwa 1999. Bayan shekara goma sha shida da tsayawarsa, a 2015, mutane fiye da dubu arba'in da takwas suka tara sama da dala miliyan biyar da dubu ɗari bakwai ta intanet don a farfaɗo da shi, aka kuwa nuna sabbin kashi a Netflix a 2017.

Kada a ɗauka bakinsu ɗaya ne. Da Hodgson, wanda shi ne ke fitowa a matsayin mutumin da aka tsare a kumbon, ya bar shirin a 1993, babban marubucin shirin Michael Nelson ya gaje shi, sai masoya suka dare gida biyu, aka shafe shekaru ana musu mai zafi. Masu son na farko sun ce ba'arsa mai taushi ce, kamar ta wanda ke tausayin fim ɗin, na biyu kuwa harshensa ya fi kaifi. Ka ga ashe maganar da ta tayar da yayanku daga zaure su ma ta dame su, sai dai su a kan gwargwado suke jayayya.

Game da gumin masu fim, akwai misali ɗaya da ya kamata yayanku ya ji. A 1966 wani mai sayar da takin zamani a garin El Paso na jihar Texas ya shirya fim mai suna Manos: The Hands of Fate, da kyamarar da ba ta ɗaukar fiye da daƙiƙa talatin da 'yan kai a lokaci guda, kuma ba ta ɗaukar sauti, sai daga baya aka ɗora muryoyi. Fim ɗin ya faɗi, aka manta da shi, har sai da wannan shiri ya tono shi a farkon 1993. Daga nan ya yi suna, aka riƙa sayensa, har aka tara kuɗi aka gyara ainihin hotonsa. Kuma masu shirin ba kwasar fim suke yi kawai ba. Idan yana da mai shi sai sun sayi izini, shi ya sa wasu kashin suka daɗe ba a sake fitar da su ba bayan wa'adin izinin ya ƙare.

Malamar makaranta, Argungu

Ɗan'uwa na Birnin Kebbi, Allah ya saka da alheri, ka ilimantar da mu. Amma ni ina bayan yayan mai tambaya, kuma dalilina yana cikin bayanin da ka kawo. Fim ɗin da ka ba da misali da shi ya shekara ashirin da bakwai kafin a taɓa shi. Yawancin waɗanda suke yi wa ba'a tsofaffi ne, wasu ma daga Japan ko Italiya aka kawo su, kuma da wuya mai ba'ar ya haɗu da mai fim ɗin a masallaci ko a wurin ɗaurin aure. Mu nan ba haka muke ba. Harkar fim ɗin bidiyo ta Hausa a 1990 ta fara a Kano, da yawa daga cikin waɗanda suka fara ta suna raye, kuma kowa ya san gidan kowa. Yarinyar da za a tsayar da hotonta a allo ana dariyar tafiyarta 'yar wani ce, watakila yanzu tana ɗakin mijinta da 'ya'yan da suka isa riƙe waya.

Duk wanda ke duba abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton 'yan fim mata a Facebook da TikTok ya san ba ma buƙatar wanda zai ƙara buɗe mana ƙofa. Za a fara da cewa hasken fim bai yi ba, a ƙare da zagin iyaye. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma ambaci mata a keɓe, kuma ni ban ga yadda za a raba aikin ɗan wasa da jikinsa ba, alhali da fuskarsa da muryarsa ya yi aikin.

Na san za a ce ai muna da wasan barkwanci a al'adarmu. Gaskiya ne, amma wasan da ke tsakanin taubasai, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, yana da sharaɗin da ya sa ba ya zama faɗa: wanda aka tsokana yana nan zaune, kuma yana da damar ramawa nan take. Fim ba ya ramawa. Tsokanar wanda ba ya nan kuma ba zai iya kare kansa ba ta fi kusa da zambo.

Mai ɗaukar bidiyo, Talata Mafara

Malama, na girmama maganarki, kuma batun mata da kika kawo ba ni da ja a kansa ko kaɗan. Sai dai ina so ku ji daga bakin wanda za a yi wa dariyar. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da taro, amma shekarun baya ni da abokaina mun haɗa kuɗi mun shirya fim guda, ni na riƙe kyamara. Ƙarar janareto ta shiga cikin sautin tun daga farko har ƙarshe. A wata fitowa jarumin ya shiga zaure da hula zanna, ya fito tsakar gida da wata hular daban, domin kwana uku ne tsakanin ɗaukar biyu kuma babu wanda aka ɗora wa lura da sutura. Akwai inda inuwar sandar makirfo ta kwanta a jikin bango ƙuru-ƙuru. Da muka nuna wa 'yan'uwa da abokai, kowa ya ce Allah ya sanya albarka, aiki ya yi kyau. Babu mutum ɗaya da ya gaya mana gaskiya, kuma da wannan yabo muka sake zuba kuɗi a aiki na biyu muka maimaita kurakuran nan.

Wurin da na fara jin gaskiya shi ne gidan kallo. Na zauna a bayan benci ba wanda ya san ni, na ji yara suna ihu suna cewa ga hula ta sauya, wani yana tambayar ko a gidan injin niƙa aka ɗauki fim ɗin. Ranar na ji zafi ƙwarai, amma tun daga lokacin ban sake ɗaukar magana ba sai na nisanta janareto na ja waya mai tsawo. Saboda haka abin da Amurkawan nan suka mayar shiri, mu mun daɗe muna yinsa a gidan kallo, bambancin kawai nasu an zauna an rubuta, an tace, an zubar da abin da bai dace ba. Ba'ar da aka rubuta aka duba ta fi sauƙin tsarewa a kan wadda ke fitowa daga bakin taro.

Ga kuma batun kuɗi, wanda ɗan'uwa na Birnin Kebbi ya taɓo. Tun da kasuwar faifan CD ta mutu, masu tura fim a waya suka karɓe ta, aka koma shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, tsofaffin fina-finai masu yawa suna nan jibge ba su kawo wa masu su ko sisi. Idan mai shiri zai zo ya nemi izinin furodusa a rubuce, ya biya shi, ni ban ga wanda aka zalunta ba. Maganarki cewa fim ba ya ramawa ita ce ta fi tsaya mini, kuma ina ganin tana da magani: a gayyato daraktan ko mai kyamarar ya zauna a kujera ta uku, a tsokane shi ya rama, ya faɗi halin da aka shiga ranar ɗaukar. Ni dai na ba da nawa fim ɗin a fara da shi.

Mai bibiyar shirin, Birnin Kebbi

Malama tana da gaskiya a wuri guda da ban faɗa ba ɗazu. Shirin na Amurka bai tsira daga abin da take tsoro ba, domin akwai kashin da aka yi ta dariyar ƙibar ɗan wasa ko kamanninsa, kuma waɗannan wuraren ba su taɓa burge ni ba. Inda ya fi armashi shi ne inda ake kama labarin da ya saɓa wa kansa, ko dodon da ake ganin zip a bayan rigarsa. Sannan aikin ba na wasa ba ne, marubuta da yawa ke zama su kalli fim ɗaya sau da dama, suna tsayarwa suna rubutawa, kafin a samu ɗaruruwan maganganun da ke cikin kashi guda. Masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa sun riga sun nuna cewa mutanenmu suna jin daɗin muryar da aka ɗora a kan fim idan mai ita ya iya magana. Wanda zai yi a tasha kuma ya tuna cewa Kano tana da hukumar tace fina-finai tun 2001, kuma yawancin masu fina-finan da zai nema a can suke.

Mai tambaya, Gusau

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Yaya amsoshinku jiya da daddare. Labarin hular nan ya sa shi murmushi, kuma ya yarda cewa idan mai fim ne da kansa ya ba da izini yana kuma zaune a wurin, to ba shi da ta cewa a kan darakta da mai kyamara. Amma ya tsaya a kan maganar Malama game da 'yan wasa, ya ce izinin furodusa bai isa ya wakilci matar da ta fito a fim shekara goma sha biyar da suka wuce ba, kuma ni ma na ga hakan.

Malam na Talata Mafara, ɗan yayana da abokansa biyu suna so su karɓi tayinka, su gwada a kan minti goma na farkon fim ɗinka, a kalla a zaure kawai ba tare da an ɗora a intanet ba. Kafin nan ina roƙon ka tuntuɓi waɗanda suka fito a cikin waɗannan mintuna, maza da mata, ka gaya musu abin da ake shirin yi. Idan akwai wanda bai amince ba, sai a tsallake fitowarsa. Ka sanar da mu ko fim ɗin yana kan faifai ne ko kana da shi a kwamfuta, domin mu san abin da za mu tanada kafin ka shigo Gusau.