Shin akwai hatsari idan na buɗe manhajar banki da waifai ɗin asibiti?

Abban Ilham ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya hore wa sanin harkar intanet. An kwantar da mahaifinmu a wani asibitin kuɗi da ke Abuja ana shirin yi masa tiyata, kuma ni ne nake jinyarsa dare da rana. Ɗakin da aka ba mu yana can ƙuryar ginin, inda sabis ba ya shiga sosai, sai mutum ya fita baranda kafin saƙo ya tafi, ga shi kuma tun ƙarin kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a farkon 2025 data ba ta albarka. Asibitin yana da waifai na kyauta wanda ba a sa masa kalmar sirri ba. Da zarar ka latsa sunansa sai wani shafi ya buɗe ya nemi lambar wayarka, ka amince da sharuɗɗa, shi ke nan.

Damuwata ita ce duk hidimar kuɗin jinyar nan ta wayata take bi. 'Yan'uwa suna turo gudummawa cikin asusuna, ni kuma ina biyan kuɗin magani da na gwaje-gwaje ta tiransifa, sannan ina aika wa ƙanwarmu da ke Sakkwato hotunan sakamakon gwaji ta WhatsApp. Wani bawan Allah da yake jinya a ɗakin da ke kusa da namu ya ce mini kada in kuskura in buɗe manhajar banki a kan waifai na kyauta, domin masu kutse suna ganin duk abin da mutum ya rubuta. Bayan haka, jiya na lura akwai sunaye biyu masu kama da juna a jerin waifai ɗin, dukansu ɗauke da sunan asibitin. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma wanne ya kamata in shiga?

Injiniya Ɗan Fagge ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Abban Ilham, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a.

Maganar maƙwabcinka tana da tushe, sai dai zamaninta ya ɗan shuɗe. Gaskiya ne cewa waifai marar kalmar sirri ba ya rufe abin da ke gudana tsakanin wayarka da na'urar da ke raba intanet ɗin, don haka wanda yake kusa kuma ya iya aikin zai iya kama shi. A watan Oktoba na 2010 wani mai haɗa manhaja, Eric Butler, ya saki wani ɗan ƙarin burauza mai suna Firesheep domin ya nuna girman matsalar, kuma da shi ko wanda bai san komai game da kutse ba yana iya shiga shafin Facebook na wanda suke kan waifai ɗaya. A wancan lokacin aka haifi shawarar da aka ba ka. Daga baya manyan kamfanoni suka koma tsarin HTTPS, wanda yake kulle bayani tun daga wayarka har zuwa inda za shi, kuma manhajojin bankuna da irin wannan kulli suke aiki. WhatsApp kuwa tun Afrilun 2016 yake kulle saƙonni ta yadda sai mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗe su, saboda haka hotunan da kake tura wa ƙanwarku ba sa karantuwa a hanya. Abin da mai leƙe zai iya gani yawanci shi ne sunan wurin da wayarka take magana da shi da yawan bayanin da ya wuce, amma ba lambar sirrinka ko abin da ke cikin asusunka ba.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne sunaye biyun nan. Yana iya yiwuwa dukansu na asibitin ne, domin wurare da yawa suna ware layin ma'aikata daban da na baƙi, wasu na'urorin kuma suna fitar da suna biyu saboda zango biyu da suke watsawa a kai. Amma kuma ba wani aiki ba ne mutum ya kunna hotsifot a wayarsa ya sa masa sunan da ya ga dama, tun da babu wata hukuma da ke tantance sunan waifai. A 2024 'yan sandan tarayyar Ostareliya sun gurfanar da wani mutum bisa zargin kafa irin wannan waifai na bogi a filayen jiragen sama na Perth da Melbourne da Adelaide, har da cikin jirage. Abin lura a labarin shi ne bai fasa kullin kowa ba. Shafin shiga ya ƙirƙira, yana neman adireshin imel ko bayanan shiga shafukan sada zumunta, mutane kuma suka rubuta masa da hannunsu.

Saboda haka ka je wurin karɓar baƙi ko ofishin biyan kuɗi ka nemi a rubuta maka ainihin sunan waifai ɗin harafi da harafi, ɗayan kuma ka sa wayarka ta manta da shi. Shafin shiga na gaskiya iyakarsa ya nemi lambar waya ko lambar ɗaki ko amincewa da sharuɗɗa. Duk shafin da ya nemi kalmar sirrin imel ɗinka, ko lambar katin ATM, ko BVN, ko ya ce sai ka sauke wata manhaja kafin intanet ya buɗe, to ka rufe shi ka kashe waifai ɗin. Sannan banki ta manhajarsa za ka shiga, ba ta mahaɗin da aka turo maka a saƙo ba. Mutane suna sakin jiki idan suka ga HTTPS a farkon adireshi, alhali tun 2015 da wata cibiya mai suna Let's Encrypt ta fara ba shafukan intanet takardar shaidar kulli kyauta, shafin ɗan damfara ma yana iya samunta. Alamar tana nufin ba a leƙen hanyar da ke tsakaninku, ba ta nufin wanda ke ɗaya ƙarshen mutumin kirki ne.

Baffan Tudun Wada ya amsa:

Allah ya ƙara afuwa. Da girmamawa ga Injiniya, ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya ɗauki kasada da kuɗin jinya ba, kuɗin da jama'a suka haɗa da gumin goshinsu. Tiransifa ba ta cin data mai yawa, kuma fita baranda na minti biyu ba zai gagara ba. A bar waifai don karanta labarai da kiran 'yan'uwa, harkar kuɗi kuma a yi ta da datar layi ko da lambar USSD ta banki, wadda ko kusa ba ta bi ta waifai. Idan kuwa dole ne sai an yi, to a sauke VPN, akwai na kyauta birjik.

Injiniya Ɗan Fagge ya amsa:

Baffa, rabin farko na maganarka na karɓa hannu bibiyu, domin idan datar layi tana kamawa a baranda ita ce ta fi, kuma ta kawar da batun sunan bogi gaba ɗaya. Bayanina ya shafi lokacin da mai jinya ba zai iya matsawa daga bakin gado ba, misali cikin dare ana jiran a biya kuɗin jini ko na wata allura.

Batun VPN na kyauta ne ban goyi baya ba. Aikin VPN shi ne ya kwashe duk zirga-zirgar wayarka ya bi da ita ta kwamfutar wani kamfani, don haka amanar da ka hana mai waifai, kamfanin ka miƙa wa. Lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, mutanenmu da yawa sun sauke duk VPN ɗin da suka fara cin karo da shi, ba tare da sanin mai shi ko yadda yake samun kuɗin tafiyar da shi ba, kuma har yau yana nan a wayoyin wasu. Ƙari a kan haka, VPN ba ya hana mutum rubuta lambarsa a shafin bogi, sannan yakan nuna wa banki kamar daga wata ƙasa kake shiga, abin da kan sa wasu manhajojin su ƙi buɗewa a daidai lokacin da ake cikin uzuri. Wanda wurin aikinsa ya ba shi VPN, ko yake biyan na sanannen kamfani, ya ci gaba da amfani da abinsa.

Hajiya Maman Sadiq ta amsa:

Ɗana Abban Ilham, sannu da jinya, Allah ya ba da lada, ya sa kaffara ne ga Baba. Ni ban iya bayanin injiniyoyi ba, amma na daɗe ina zaryar asibiti da tsofaffinmu, kuma asarar da na fi gani da idona ba ta iska take zuwa ba, ta hannu take zuwa. Mai jinya mutum ne marar isasshen barci, hankalinsa a rabe, ya jona waya a soket ɗin baranda ya tafi kiran nas, ko barci ya ɗauke shi a kan tabarma wayar tana gefe. Ɓarawon waya a yau ba wayar ce kaɗai ta dame shi ba, katin sim yake nema, domin idan ya zura shi a wata wayar saƙonnin banki wurinsa za su riƙa zuwa, kuma ta USSD ɗin nan da Baffa ya ambata ake yashe asusun mutane da yawa. Ka sa wa sim ɗinka lambar sirri a saitin wayar, amma ka fara nemo lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓalle sim ɗin, saboda kuskure uku yana kulle layin, kuma da ita ake buɗe shi. Ka kuma rubuta lambar toshe asusu ta bankinka a takarda ka ajiye a aljihu.

Abu na biyu shi ne WhatsApp. Yanzu dangi da abokan arziki duk sun san Baba yana kwance, don haka duk wanda ya ƙwace lambarka ya rubuta musu cewa ana buƙatar kuɗin tiyata cikin gaggawa, babu mai tsayawa tambaya. Hanyar da suke bi sananniya ce: a kira ka da sunan wata ƙungiya ko wani taro, a ce an turo maka lamba shida ka karanto. Kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga asibitin yake kira, kuma ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun yau. Ka sanar da 'yan'uwa cewa asusu ɗaya ne na gudummawa, duk wanda aka turo wa wata lamba daban ya kira ka ya ji muryarka tukuna.

Malama Nas ta amsa:

Ina so in ƙara wani ɓangare a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Masu jinya sukan roƙe mu kalmar sirrin waifai ɗin ma'aikata saboda ya fi sauri, idan muka hana sai a ga kamar rowa ce. A kan wannan layin kwamfutocin da ke riƙe da bayanan marasa lafiya suke, kuma waya ɗaya mai ɗauke da muguwar manhaja tana iya jawo wa asibiti duka matsala. Haka kuma idan za ka ɗauki hoton sakamako, ka tabbata takardar Baba kaɗai ta fito, ba tare da fuskar wani marar lafiya ko fayil ɗinsa ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma ko babu doka, mutumin da ke kwance yana da haƙƙin a rufa masa asiri. Hoton da ke ɗauke da cikakken suna da lambar kati, a tura shi ga mutum ɗaya da ake neman shawararsa, kada a jefa shi a guruf ɗin dangi mai mutum ɗari.

Abban Ilham ya amsa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na tambaya a wurin karɓar baƙi, sun tabbatar mini da ɗaya daga cikin sunayen, ɗayan kuma sun ce za su sanar da mai kula da intanet ɗinsu ya bincika. Saura tambaya ɗaya, Injiniya. Na zo da kwamfutar tafi-da-gidanka domin in riƙa rage aikin ofis, kuma ta ɗan kwana biyu ba a sabunta ta ba. Hukuncinta ɗaya da waya?

Injiniya Ɗan Fagge ya amsa:

A'a, kwamfuta ta fi waya buƙatar kulawa, domin takan bar ƙofofin musayar fayil a buɗe ga sauran na'urorin da suke kan layi ɗaya da ita. Ta irin wannan ƙofar ce muguwar manhajar WannaCry ta yaɗu a watan Mayu na 2017, ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama a Ingila har aka soke ganin likita kusan 19,000, alhali Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris, waɗanda abin ya shafa ba su sabunta ba ne. Don haka idan Windows ya tambaye ka irin layin da ka shiga, ka zaɓi na jama'a, wanda yake ɓoye kwamfutar daga maƙwabtanta, ka kashe musayar fayil, sannan ka bar ta ta sauke sabuntawar da ta taru kafin ka buɗe takardun ofis. Idan burauza ta tsaya ta yi maka gargaɗi cewa takardar shaidar wani shafi ba ta inganta ba, kada ka latsa ci gaba, haka nan idan shafin shiga ya nemi ka girka wata takardar shaida a kwamfutar ko a wayar, ka ƙi, domin wannan ce hanyar da take ba mai waifai damar buɗe abin da HTTPS ya kulle. Ranar da aka sallame ku, ka goge sunan waifai ɗin daga na'urorin biyu, don kada su riƙa haɗa kansu da duk wani layi mai irin sunan a wani wuri. Takardun ofis masu nauyi kuwa, ka fara tambayar masu kula da kwamfutocin wurin aikinku ko sun yarda a buɗe su a kan layin waje.